Ɗan Doka, Ɗan Sanda, Yallaɓai: Abin Da Harshe Ke Faɗa Game Da 'Yan Sanda A Kafancan Da Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kaduna zuwa Kafancan ta hanyar Kaciya da Zonkwa ya san yadda hira take mutuwa a cikin mota da zarar direba ya hango gungumen itace da tsofaffin tayoyi a gicciye a kan kwalta. Direba zai rage gudu, ya sauke gilashi, ya washe baki, ya ce, "Yallaɓai, barka da aiki." Ba za a yi nisa da shingen ba kuwa sai ka ji bakin nan da ya yi gaisuwa ya juya, yana kiran mutumin da wasu sunaye waɗanda ba za su rubutu a mujalla irin wannan ba. Fasinjoji kuma su kama masa, kowa da labarinsa.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin irin kallon da jama'a ke yi wa 'yan sanda a Kafancan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, amma ta ƙofar da ta fi kusa da mu ɗaliban harshe, wato kalmomi. An zaɓi yankin ne saboda matsayin da Hausa take da shi a can. Ita ce harshen kasuwa da tasha da coci da masallaci da caji ofis, alhali ga mafi yawan mazauna wurin ba ita ce harshen uwa ba. Da ita Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Kaninkon da mutanen Kagoro da na Marwa da Fulani da Hausawa suke fahimtar juna, da ita kuma suke kai ƙara, suke roƙo, suke zagi. Ra'ayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, kafin mutumin wannan yanki ya tambayi ko ɗan sanda yana aikinsa daidai, akwai tambayar da yake fara yi a zuci: "Wannan na wa ne?" Tarihin sunayen da Hausa ta ba masu wannan aiki zai nuna mana inda tambayar ta samo asali.

Ginin kalmar

Bari mu fara da nahawu. Kalmar ɗan sanda harɗaɗɗen suna ce, irin wadda ake ginawa da ɗan ko 'yar ko 'yan a gaban wani suna domin a nuna mai wata sana'a ko ɗan wani wuri, kamar ɗan kasuwa, ɗan dako, ɗan Zariya. Abin lura a nan shi ne sanda tamace ce. Muna cewa sandar makiyayi, sandar girma. Amma ba wanda ke cewa "'yan sandar Nijeriya". Abin da ake faɗa shi ne 'yan sandan Nijeriya, ɗan sandan Kafancan, ɗan sandan nan. Mahaɗin ya bar bin jinsin sanda, ya koma bin mutumin da ke riƙe da ita. Wannan shaida ce cewa kalmomin biyu sun narke sun zama kalma ɗaya a kan mai magana, har ya daina ganin sandar da ke ciki.

Sandar ba ta ɓace gaba ɗaya ba dai. Tun da aka fara ɗaukar mata aikin a 1955, Hausa ta sami 'yar sanda, wadda kuma take da harshen damo. Idan wani ya ce, "Na ga 'yar sanda a bakin ƙofa," sai an dubi muhallin maganar kafin a san ko ƙaramar sanda ya gani a jingine ko kuwa mace ce mai kaki. Ɗan sanda ba shi da wannan matsala, domin ba a ƙanƙanta tamace da ɗan.

Sai kuma kalmomin aikin. Kusan dukkan muƙaman aro ne daga Ingilishi, an gyara su sun dace da harshen Bahaushe: kurtu, kofur, sajan, sufeto, kwamishina. Haka bariki da caji ofis da beli da sammaci da ankwa da sintiri da gadi. A sufeto da kurtu an yar da gaɓar farko ta kalmar asali. A bariki da beli an ƙara wasali a ƙarshe, domin Hausa ba ta cika son rufe suna da baƙi ba. Idan muka jera waɗannan kusa da kalmomin tsohon tsari, wato dogari da Sarkin Dogarai da yari da gidan yari da mari, za mu ga bambanci nan take. Na biyun sun daɗe a gida. Na farkon kuwa har yau da ƙurar hanya a jikinsu. Mari da ankwa aiki iri ɗaya suke yi, ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, amma kowanne da hukumar da yake tuna wa mai ji.

Dogari da ɗan doka

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke tsaron sarki, su kamo mai laifi, su zartar da hukunci. Da Turawa suka kafa mulki ta hannun sarakuna ba su rushe su ba, sai suka mayar da su ma'aikatan En'e. Daga shekarun 1920 aka fara gyara tsarin, aka fito da wata runduna mai kaki da fareti da albashi, wadda aka sani da 'yan doka. Masanin tarihi Kemi Rotimi ya yi nazari mai zurfi a kan waɗannan 'yan sandan En'e na Arewa da na Yamma a littafinsa na 2001, kuma ɗalibin da ke son faɗaɗa bincike zai amfana da shi, haka ma littafin Tekena Tamuno na 1970 a kan tarihin 'yan sandan Nijeriya.

A Kano ko Katsina, ɗan doka mutum ne da ake tsoro, kuma 'yan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa a shekarun 1950. Duk da haka ɗan gari ne. An san gidansu, an san ubansa, ana iya bi ta hannun mai unguwa ko wani bafade a roƙe shi. A kudancin Kaduna lamarin ya sha bamban, kuma a nan ne ya kamata mu ɗan tsaya.

Turawa sun bar mafi yawan ƙasashen yankin a ƙarƙashin hakiman da ake naɗowa daga Zazzau, wasu kuma a ƙarƙashin Sarkin Jama'a. Kagoro da Marwa da Jaba ne suka tsira da sarautun kansu. Kafancan kanta gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 ta zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, kuma a shekarun 1930 fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin, a ƙasar da Fantswam ke kallo a matsayin ta kakanninsu. Saboda haka ga manomin Bajju ko na Atyap, dogari ko ɗan doka ba ɗan gari ba ne. Mutum ne mai wani harshe da wani addini, wanda ba a ganinsa sai lokacin haraji, ko in ana neman majiya ƙarfi don aikin tilas na hanya ko na haƙar kuza a Jos, musamman a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, ko kuma in ya zo da sammacin kotun alƙali. Boren da aka yi a gundumar Zangon Kataf a shekarun 1940 a kan haraji da mulkin hakimi yana cikin abin da tsofaffin yankin suka gadar wa jikokinsu. Moses Ochonu ya yi bayanin wannan salon mulki na wakilci a littafinsa na 2014.

To, a nan ga wani abin da ya cancanci nazarin ma'ana. Sunan da ke ɗauke da kalmar doka ya tafi ga ma'aikacin sarki, sunan da ke ɗauke da sanda kuma ya tafi ga ma'aikacin gwamnati. Ga wanda ya tashi a ƙauyen Zonkwa a wancan zamani, dokar da ke cikin ɗan doka ba dokar kowa da kowa ba ce, dokar hakimi ce. Kalma ɗaya ce, amma nauyinta a kunnen Bazazzagi daban, a kunnen mutumin Kataf daban. Ƙamus ba zai ba ka wannan ba.

Wannan tsoro ne ƙananan ƙabilu suka kai gaban Kwamitin Willink a 1957 da 1958, lokacin da ake shirin ba ƙasa 'yancin kai, kuma kwamitin ya karkata ga cewa rundunar tarayya ce ta fi zama kariya a gare su. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar rushe 'yan sandan En'e, zuwa farkon shekarun 1970 an gama haɗe waɗanda suka cancanta da rundunar ƙasa. Daga nan ɗan doka ya fita daga titi ya koma cikin littattafai da bakin tsofaffi.

Baƙo mai sanda

Wanda ya gaje shi ma ba ɗan gari ba ne. Tushen rundunar 'yan sandan Nijeriya yana Ikko, inda bayan Ingila ta mamaye garin a 1861 aka kafa wata ƙaramar runduna, wadda John Glover ya cika da masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka gudo. A 1879 aka tsara ta da sunan rundunar Hausawa. Hikimar Bature a nan ba ɓoyayya ba ce: a sa baƙo ya tsare gari, don ba shi da ɗan'uwan da zai ji kunya. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama ɗaya. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 214, ya ce ba wata rundunar 'yan sanda a ƙasa sai ita. Sashe na 215 kuma ya ba gwamna damar ba kwamishinan jiharsa umarni, amma kwamishinan yana iya neman a miƙa batun ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar.

Sakamakon haka, ana iya ɗaukar kurtu daga wata jiha mai nisa a turo shi Kafancan ko Kwoi, bai san hanyar ƙauye ba, bai san wa ke gaba da wa ba, Hausarsa kuma ta bariki ce. Masana sun daɗe da ba irin wannan Hausa suna Barikanci, wadda ta tsiro a barikokin soja da na 'yan sanda tsakanin mutanen da ba harshensu ba ne. A kudancin Kaduna yakan zamana mai ƙara da wanda ake ƙara da mai rubuta ƙarar duk da Hausa suke magana, amma ba ɗaya daga cikinsu da ya sha ta a nono, sannan a rubuta bayanin da Ingilishi, a ce mutum ya sa hannu ko ya dangwala. Abin da ke zubewa a tsakanin bakin mai magana da alƙalamin kofur fage ne na bincike wanda ya isa kundin digiri. Kalmar bariki kanta ta ɗauki wata ma'ana ta daban a Hausa. Idan aka ce wane ɗan bariki ne, ba ana nufin a can aka haife shi ba, ana nufin idonsa ya buɗe, kunyarsa ta ragu.

Harshen shinge

Mafi yawan mutane ba a caji ofis suke haɗuwa da ɗan sanda ba, a kan hanya ne. Yankin nan shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma direban da ya ɗauko buhuna daga Kaciya ko Kwoi ya san cewa kuɗin shinge yana cikin lissafin tafiya kamar kuɗin mai. Abin da ya shafe mu shi ne yadda ake yin cinikin ba tare da an ambaci sunan hajar ba. Ga irin abin da kowa ya saba ji:

"Direba, yaya hanya?"
"Lafiya lau, Yallaɓai. Yaya rana?"
"To, ga mu a cikinta tun safe. Ba ɗan abin shan ruwa?"
"Wallahi yau ba kasuwa, Oga. Sai in na dawo."
"Kullum sai ka dawo. Kawo takardunka."

A wannan 'yar tattaunawa babu kalmar kuɗi, babu cin hanci, babu rashawa, babu toshiyar baki. Waɗannan kalmomin rediyo ne da huɗuba. A bakin shinge sai dai abin shan ruwa, ko na goro, ko "a ga yara", ko "a yi wani abu". Wannan shi ne sakaya zance, kuma aikinsa ya fi ɓoye laifi. Goro a al'adar Bahaushe kyauta ce ta girmamawa, ruwa kuma ba a hana wa baƙo. Da aka ɗora waɗannan sunaye a kan kuɗin shinge, sai aka mayar da mai karɓa mabuƙaci, mai bayarwa kuma mai alheri, kowa ya tsira da mutuncinsa a baki. Jimlar ƙarshe ce ke yaye labulen. "Kawo takardunka" umarni ne kai tsaye, ba gaisuwa, ba laƙabi, kuma kowa a motar ya san ba takardun ake nema ba. Doka ta zama abin da ake zarowa idan goro bai fito ba.

Haka kuma mu lura da kalmomin kira. Yallaɓai da ranka ya daɗe daga fada suka fito, Oga daga Yarbanci ta shigo ta hanyar turancin Buroka, Ofisa kuma daga Ingilishi. Direba yakan kira kurtu Ofisa, ya kira kofur Sufeto, wato ya yi masa ƙarin girma da baki don a rage masa farashi. Girmamawa ce ta wanda ke neman kuɓuta, shi ya sa ba ta wuce inda shingen ya tsaya.

Ba zato ne kawai na fasinjoji ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2017, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya nuna 'yan sanda ne kan gaba cikin ma'aikatan da ake ba cin hanci. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2010 ya bayyana yadda wani kaso na kuɗin da ƙananan ma'aikata ke tarawa yake hawa sama zuwa ga manyansu. A 2012 Sufeto Janar Muhammad Dikko Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye daga hanyoyin ƙasar, amma taɓarɓarewar tsaro ta ba su hujjar dawowa. A bangon caji ofis kuma akan liƙa sanarwar cewa beli kyauta ne, kamar yadda ake cewa ɗan sanda abokin kowa ne. Jimlolin nan biyu sun shiga Hausa, sai dai a matsayin gatse. In ka ji wani ya ce, "Ai beli kyauta ne," to saurari karin muryarsa.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban da ya loda mutum huɗu a gaba, lasisinsa ya mutu tun bara, shi ma ya fi son goron a kan dokar.

Ranar da gari ya yamutse

Ƙorafin shinge ana yinsa a ko'ina a Nijeriya. Abin da ya keɓanta ga wannan yanki shi ne abin da mutane suka gani ranar da suka fi buƙatar ɗan sanda.

Ranar 6 ga Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafancan a kan wani wa'azi, ya fantsama cikin gari, cikin 'yan kwanaki ya kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Kataf har sau biyu, a Fabrairu da Mayu, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri. A Mayun 1999 Kafancan ta sake kamawa a kan miƙa sandar girma ga sabon Sarkin Jama'a. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 aka yi wanda ya fi muni. Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 ne suka mutu a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku, fiye da 500 daga cikinsu a kudancin Kaduna, a garuruwa irin su Zonkwa da Matsirga da Kafancan, inda babbar kasuwa ta ƙone.

Idan ka saurari labarin waɗannan ranaku daga bakin Musulmi, sannan ka saurara daga bakin Kirista, za ka ji sun saɓa a kan wanda ya fara da wanda aka fi zalunta. Amma akwai jimlolin da za ka ji daga kowane ɓangare kusan kalma da kalma: "Sun zo bayan an gama." "Suna tsaye suna kallo." "Sun ce ba a ba su umarni ba." "Namu suka kama, suka bar nasu." Wakilin sunan nan na mallaka, namu da nasu, shi ne zuciyar al'amarin. Kowane ɓangare ya ɗauka cewa ɗan sanda na ɗaya ɓangaren ne. Wani yana ganin gwamnatin Kaduna ta Hausawa ce, don haka mai kaki nata ne. Wani kuma yana duba sunan da ke ƙirjin kakin da addinin mai shi, ya yanke hukunci. Baƙon da aka kawo don kada ya zama na kowa ya ƙare kowa na zarginsa da zama na abokin gaba.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya rabin. Rahoton 2011 ɗin nan ya nuna cewa a garuruwan Arewa Kiristoci sun fake a caji ofis da barikin soja, a kudancin Kaduna kuma mata da yara Musulmi sun yi tururuwa zuwa caji ofis, kuma a wurare da dama 'yan sanda sun kare su. Wato ginin da mutum ke addu'ar kada ƙafarsa ta taka shi a ranar lafiya, shi ne wanda ya ruga da gudu a ranar tashin hankali. Duk nazarin da ya ce jama'a sun tsani 'yan sanda kawai, ya tsaya, bai kai ga gaskiya ba. Mutum ba ya fushi da wanda bai sa wa rai ba.

Abin da ya fi jinkirin zuwa ciwo shi ne abin da ya biyo baya. A Disambar 2013 ƙungiyar ta sake fitar da rahoto a kan jihohin Filato da Kaduna, inda shaidu da dama suka ce sun san waɗanda suka kashe musu 'yan'uwa, wasu sun kai ƙara, amma ba a yi bincike ba, ba a hukunta kowa ba. Sunan da aka ba rahoton da Ingilishi ma'anarsa ita ce a bar wa Allah komai. Ɗalibin Hausa ya san wannan magana da 'yan'uwanta: na bar shi da Allah, Allah ya isa, akwai ranar hisabi. Akan ɗauke su a matsayin alamar haƙuri da tawakkali, kuma haka ne. Amma ta fuskar aikin da magana ke yi, "na bar shi da Allah" ɗaukaka ƙara ce zuwa wata kotu, kuma tana ɗauke da hukunci a kan kotun da aka tsallake. Musulmi da Kirista a Kafancan duk suna faɗinta, da Hausa ɗaya, da sunan Allah ɗaya.

A Disambar 2016, bayan jerin hare-hare a ƙauyuka, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta sa'a 24 a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf. A cikin wannan doka aka kai hari ƙauyen Goska, kusa da Kafancan, a jajibirin Kirsimeti. Tambayar da mutanen yankin suka yi ta yi ita ce, wa aka hana fita? Bayan nan aka ƙara jibge sojoji da 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda sunansu na hukuma ke nuna sulhu, laƙabinsu na titi da turancin Buroka kuwa ma'anarsa "kashe ka wuce". Tun daga lokacin kalmar jami'an tsaro ta ƙara ƙarfi a bakin mutane, tana haɗa soja da ɗan sanda da sauran masu kaki a buhu ɗaya, kuma idan aka ce "a kawo tsaro", galibi soja ake nufi.

Shi ma mai kakin da nasa kukan. Albashi da matsugunin bariki da rashin mota da mai su ne suka kai ƙananan 'yan sanda ga yajin aiki a 2002, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. An sha kashe su a bakin aiki, kuma da yawa daga 'ya'yan kudancin Kaduna wannan aikin ne abincinsu. Gidan da ake zagin ɗan sanda da rana, da dare ana yi wa ɗansu kofur addu'ar dawowa lafiya daga wata jiha, inda shi ma baƙo ne a bakin wani shinge.

Sababbin 'yan

Inda aka bar giɓi harshe yakan nuna wanda ya cike shi. Yau a ƙauyukan yankin za ka ji 'yan banga da 'yan sintiri da 'yan sa-kai da mafarauta, duk a kan ginin nan na ɗan da 'yan. Waɗannan 'yan gida ne, sun san daji, sun san kowa. Wannan ne ƙarfinsu, shi ne kuma haɗarinsu, domin ɗan bangan wani gari ba ya zama kariya ga maƙiyayin da ke rugar gefe, ko ga ɗan kasuwar da ya kwana a hanya. Tambayar "na wa ne?" a nan ba ta buƙatar amsa, kowa ya sani.

Ta fuskar doka an sami sauye-sauye. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama ɗan'uwan wanda ake zargi a madadinsa, ta kuma tanadi kwamitocin haɗa 'yan sanda da al'umma. A watan Oktoban shekarar ne zanga-zangar matasa ta sa aka rushe rundunar SARS. A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi, kuma Gwamna Uba Sani na Kaduna yana cikin waɗanda suka fito suka goyi baya. A kudancin Kaduna wannan batu kaifi biyu gare shi. Mutum yana son mai tsaron da ya san hanyar ƙauyensa kuma yake jin harshensa, amma jikan wanda ya biya haraji a hannun ɗan doka yana da dalilin tambayar wa zai ɗauki ma'aikatan, wa zai biya su, wa kuma zai ba su umarni. Bahaushen Kafancan da Bafulatanin ruga su ma suna da irin wannan tambaya, ta ɗaya gefen.

Ga ɗaliban da suka fito daga yankin akwai aikin hutu a nan. A tattaro sunayen da Tyap da Jju da Hyam ke kiran ɗan sanda da su, a ga ko aro ne daga Hausa ko ƙirƙira ce, a ga ko tsofaffi suna bambanta dogari da ɗan doka da ɗan sanda ko duk suna ɗaya suke ba su. A naɗi hirar direbobi a tashar Kafancan, da izininsu, a ware kalmomin da suke amfani da su a gaban mai kaki da waɗanda suke amfani da su a bayansa. A kuma tambayi masu shekara 70 zuwa sama abin da za su kira ɗan sandan jiha in an kafa shi, a rubuta amsar yadda suka faɗe ta, tare da garinsu da harshensu na farko.